Lambar da Na Sa wa Stasia

Litinin, 4 ga Maris, 2019

Fayil hamsin da biyu na gama yau, ragowar na Fabrairu. Zazzaɓin sauro, zazzaɓin sauro, tarin fuka, sai wani da kwakwa ta faɗo masa a kafaɗa. Ita ma tana da lambarta. Shekara ashirin da uku ke nan ina wannan aiki a asibitin mishan: likita ya rubuta sunan ciwo, ni in buɗe littafi in nemo lambarsa in sa, ƙarshen wata a aika babban ofishi a Kavieng. Ban taɓa duba mara lafiya ba, ba kuma aikina ba ne.

Ɗaya ne ya tsayar da ni. Anastasia, shekara ashirin da huɗu, 'yar tsibirin Sumalit, cikin fari wata shida. Zazzaɓi ya kwantar da ita kwana biyu, aka yi mata gwajin jini irin na masu ciki, ya nuna layi biyu. Dakta Wambi ya rubuta tunjere, ciwon da ake ɗauka wajen saduwa. Na riƙe biro a sama na ɗan lokaci. Sumalit fa. Sannan na sa O98.1, na ƙara A53.0, na rufe.

Fanka ta sake tsayawa.

Laraba, 6 ga Maris

Larabar Toka. Fada yana wa'azi a coci, ni hankalina yana Sumalit.

Tsibirinmu da nasu kallon juna suke yi, na san wurin kamar tafin hannuna. Wane yaro ne ya tashi a can bai yi yos ba? Gyambon nan mai ɓawo rawaya da ke fitowa a ƙauri, ƙudaje su bi ka har cikin aji. Wasa kawai ke kawo shi, ƙafa ta goga ƙafa a bakin ruwa, shi ke nan. Kuma tun muna kwas a Madang malaminmu ya faɗa mana: ƙwayar yos da ta tunjere uwa ɗaya uba ɗaya suke, gwajin jini ba ya bambance su. Wanda ya yi yos yana ƙarami, ko ya warke, layin nan zai iya binsa har kabari.

Na san wannan tun ranar Litinin. Ba yau na tuna ba.

Amma likita ne ya rubuta. Wannan ita ce doka ta farko: abin da likita ya rubuta shi ake sa wa lamba, ba abin da kake zato ba.

Juma'a, 8 ga Maris

Sista Perpetua, ungozomarmu, ta shigo shan shayi, ta zauna a kan fayiloli duk da na hana ta sau dubu.

Ta ce, “Mama Ludi, kin ji ihu a baranda jiya?”

Na ce ni a nan ciki ko coci ta faɗi ba zan ji ba.

Mijin Anastasia ne. Polikap sunansa, a jirgin ruwa na dakon kaya yake aiki, a birnin Lae ya girma. An ba matar takardar da ake ba kowa ta kai wa miji ya zo shi ma a yi masa allura. Jirginsu ya iso, ta ba shi, ya zo. Ya ce sai an gwada shi tukuna. Aka gwada, layi ɗaya. Tas.

Perpetua ta kwaikwayi muryarsa: “To in ba ni da shi, daga ina ta samo? Daga iska?” Ta ce ya tambayi Dakta a gaban masu jiran magani, Dakta ya ce shi ba zai iya magana a kan fayil ɗin wani ba. Wanda ya fi komai muni ke nan, in ji ta, don shirun ya zama amsa.

Yarinyar ba ta zo allurarta ta biyu ba.

Na ce Allah Ya kyauta. Ta ɗauke min biskit biyu ta fita.

Lahadi, 10 ga Maris

Na dafa gwaza da madarar kwakwa, na kasa ci. Zafi ne, ina jin.

Litinin, 11 ga Maris

Akwai takardar tambaya da mai sa lamba ke da ikon aika wa likita in wani abu bai fito sarari ba. Nawa suna cikin durowa, gefensu ya yi ja don tsufa. Na ciro ɗaya. Sau uku ina rubutawa ina yagewa. A ƙarshe: “Dakta, mara lafiya 'yar Sumalit ce. Ko an tambaye ta gyambon ƙuruciya? A53.0 ko A66.8?” Na maƙala a fayil na ajiye masa a tire.

Talata, 12 ga Maris

Takardar ta dawo. Da jan biro a ƙasa: “Magani ɗaya ne, Mama. A bar shi yadda yake.”

Ba ƙarya ya yi ba. Allurar iri ɗaya ce, kuma mai ciki dole a yi mata ko wanne ne, saboda abin da ke cikin. Yaron kirki ne, ba ya raina mutane, yana aiki kamar jaki. Amma ɗan tsaunuka ne, daga wajen Hagen, can sanyi bai bar yos ya zauna ba. A Mosbi, babban birni, ya yi karatu, inda layi biyu ma'anarsa ɗaya ce. Watansa biyar a nan.

Na yi abin da doka ta ce. Na tambaya, an amsa. Na mayar da fayil kan kanta.

Alhamis, 14 ga Maris

Na dawo daga aiki na tarar da wani dattijo a ƙarƙashin bishiyar mangwarona, bakinsa ja wur da buai, irin goron da ake taunawa a nan, hularsa a gwiwa. Tadeus, kawun Anastasia, wan mahaifiyarta. Ya ce ya san babana, sun taɓa kamun kifi tare. Ya miƙo min buai, na karɓa don kada ya ji kunya.

Ya daɗe yana zagaye kafin ya iso. Polikap ya kai ƙara kotun ƙauye, ya ce matarsa ta bi wani yana teku. Ya faɗa a gaban coci bayan addu'a cewa cikin ba nasa ba ne. Har ya kama suna, wani malamin firamare da laifinsa kawai ya taɓa taya ta ɗaukar buhun shinkafa daga kwalekwale. 'Yan'uwan malamin sun fara wasa adduna. Ranar ashirin da shida za a zauna.

“Stasia tana gidana,” in ji shi. “Ba ta ci, ba ta fita. 'Yata, an ce ke ce mai riƙe da littattafan. Mene ne aka rubuta?”

Na ce, “Baba, ba ni da ikon faɗa.”

Ya ce, “Duk tsibiri sun riga sun faɗa. Ke kaɗai ce ba ki da iko.”

Na ce ya kawo ta da kanta. Ta nemi wasiƙa daga asibiti, ta sa hannu, kuma allurarta na jiranta. Ya tsaya yana kallona kamar mai jiran ragowar maganar. Babu ragowa. Ya sa hularsa.

Juma'a, 15 ga Maris

Ba na son rubuta wannan.

Shekara takwas da suka wuce akwai wata Kolumba, ita ma daga tsibirai. Fayil ɗinta ya zo min da tunjere, na sa lamba. Bayan mako biyu ya sake dawowa: karayar hannu, S52, “ta faɗi a wurin wanki.” Na sa lamba. Lambobi biyu, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, da rubutuna mai kyau da ake yabo.

Na daɗe ina cewa ban haɗa su ba. Na haɗa su tun a ranar.

Ban san inda take ba yanzu.

Litinin, 18 ga Maris

Abin da na yi yau, da wani ne ya ba ni labari da na ce ƙarya yake.

Na jira Dakta ya gama zagayen safe, na same shi a ɗakin awo shi da Perpetua. Na ce ina son magana a kan takardar nan. Ya ce, “Mama, na amsa ai,” yana rubutu bai ɗago ba. Na ce ya amsa tambayar magani, ni kuma ba ita na yi ba. Ya ce lamba ba ta warkar da kowa. Na ce haka ne, amma tana iya karya hannu. Bai gane ba, ba kuma laifinsa ba ne.

Sai kawai na ji bakina ya ce wa Perpetua ta ɗauko abin gwajin.

Na zauna a kujerar masu ciki, ni da furfurata. Na ɗage zanena zuwa gwiwa. Tabon yana nan a ƙaurin hagu, fari, faɗin bakin kofi, fatar kamar takardar da aka duƙunƙune. Ko marigayi mijina bai cika ganinsa da rana ba. Perpetua ta soke min yatsa. Minti goma sha biyar muna zaune, wata mata a waje tana ta faɗa da kare.

Layi biyu.

Perpetua ta dafa ƙirji. “Mama Ludi! Ke da ke jan waƙa a coci! Ashe lumbu-lumbu kike mana? Faɗa min waye, ko mai gyaran fanka ne, shi ya sa kullum take lalacewa?”

Na ce ta rufe min baki. Na juya na ce, “Dakta, shekarata hamsin da huɗu. Namiji ɗaya na sani, yana kwance bayan coci shekara tara. Ina aji biyu na yi wannan gyambon. Wace lamba za ka ba ni?”

Ya durƙusa ya duba tabon, ya daɗe. Ya tambaya ko zai iya taɓawa. Ya ce a littafi kawai ya taɓa ganin tsohon tabonsa, sabon gyambon yara ne ya sani. Sannan ya ce, “Amma Mama, tabo ba hujja ba ne. Mutum na iya yin duka biyun.”

Na ce, “Gaskiya ne. To me ya sa cikin biyun ka zaɓi wanda ka zaɓa?”

Ya miƙe daga durƙuson. Kunnuwansa sun yi duhu. Ni kuma na sauke zanena.

Talata, 19 ga Maris

Kawu Tadeus ya kawo ta. Yau na fara ganin Stasia, bayan mako biyu ina juya sunanta. 'Yar siririya, cikin ya yi mata yawa, rigarta mai furanni ta koɗe. Da yake ta tsallake allura, sai an sake daga farko, uku cif. Ko motsi ba ta yi ba da aka soka mata.

Dakta ya ce ta nuna ƙafafunta. Tabo biyu a dama, ɗaya a idon sawu. Ya tambaye ta me ya sa ba ta faɗa ba. Ta ce, “Ba a tambaye ni ba.”

Ya aika jininta ɗakin gwaji a yi ɗaya gwajin, mai nuna ko ciwon yana da ƙarfi yanzu. Ya ce in da tsohon kati zai taimaka. Na tambaye ta ko an taɓa kawo ta nan tana ƙarama. Ta ce eh, shekarar da ta fara karɓar jibin Ubangiji a coci, wata Sista Baturiya ta yi mata allura a ɗuwawu.

“Na cije ta,” ta ce. Kusurwar bakinta ta ɗan motsa, sannan ta koma yadda take.

Da za su tafi ta tsaya a ƙofar ofishina. “Anti, ke ce kika rubuta?” Na ce likita ne ya rubuta kalmar, ni lamba na sa. Ta gyaɗa kai kamar duk ɗaya ne a wurinta. Ina jin duk ɗaya ne.

Laraba, 20 ga Maris

Kwantenar bayan ɗakin wanki, inda muke zuba tsofaffin katuna. Ciki kamar tanda. Gara ta cinye shekarar 1999 kusan duka, ta fara 2000. Na duba kwali shida, ban samu ba. Ƙuraje sun feso min a wuya.

Alhamis, 21 ga Maris

Na samu! Da sunan kakanta na wajen uwa aka ajiye shi, ba na ubanta ba, shi ya sa. Yuli 2002. Anastasia, shekara bakwai, Sumalit. Gyambo uku a ƙafar dama, yos, an yi allurar fenisilin. A ƙasa, da rubutun marigayiya Sista Irmgard mai kama da ƙayar waya: “Tana cizo.”

A kusurwa kuma, A66.1. Rubutuna. Lokacin ina yi wa shida ɗina 'yar wutsiya.

Na zauna a kan kwali na yi ta kallonsa. Yarinya ɗaya, jini ɗaya, hannu ɗaya ya ba ta lambobi biyu, shekara goma sha bakwai tsakani. Katin farkon ma yana nan taku arba'in daga teburina duk wannan lokacin.

Juma'a, 22 ga Maris

Sakamako ya fito, ƙasa-ƙasa ƙwarai, irin na tsohon abu da aka riga aka yi wa magani. Dakta ya zo ofishina da kansa, karo na farko. Ya rasa wurin zama, ya tsaya.

Ya ja layi ɗaya a kan kalmar tunjere yadda za a iya karanta ta, ya rubuta a sama: tsohon yos, an yi magani 2002, saura alama a jini. Ya sa hannu da kwanan wata. Ni kuma na ja layi a kan nawa, na sa A66.8, na gyara ta cikin ita ma. Sai na rubuta wa Kavieng su cire ɗaya daga wancan layi na Fabrairu su mayar wannan. Su a wurinsu ɗaya ce tak ta tashi daga wani akwati ta koma wani.

Wasiƙar kotu ce ta ba mu wuya. Ni so nake ya rubuta ba ta da tunjere, a wuce wurin. Ya ƙi. Ya ce, “Sau ɗaya na rubuta abin da ban tabbatar ba, ba zan ƙara ba, ko don in gyara.” Na ji haushi, na ce wannan ƙwaƙƙwafin da ya yi shi tun farko. Ya ce, “Haka ne, Mama.” To me zan ce kuma.

Abin da ya rubuta: gwajin ba ya bambance ciwukan biyu, yos ɗin da ta yi tana yarinya ya isa ya bayyana sakamakon, kuma babu komai a jininta ko jikinta da ke nuna ta san wani namiji. Ya ce zai je ya karanta da bakinsa. Na ce ka taɓa shiga kwalekwale? Ya ce sau ɗaya.

Talata, 26 ga Maris

Awa biyu a ruwa. Dakta ya yi amai sau huɗu, direban kwalekwale yana ce masa, “Ɗan dutse, riƙe cikinka, kifayenmu ba su saba da abincin Hagen ba!” Ni na rungume katin a cikin leda biyu.

A rumfar kasuwa aka zauna. Duk Sumalit sun zo, har da waɗanda ba sa zuwa coci. Stasia a gefe ɗaya da kawunta da iyayenta mata. Polikap a ɗaya gefen, dogo, da takalmin aiki, kyakkyawa ma. Na zaci zan ga mugu. Mutum na gani wanda bai yi barci ba kwana da kwanaki. Malamin makarantar yana can baya tsakanin 'yan'uwansa.

Dakta ya karanta, fuskarsa har yanzu toka-toka. Ya ƙara da abin da babu a takardar: shi ne ya yi gaggawar rubuta kalmar, bai tambaya ba. Ban taɓa jin likita ya faɗi haka a gaban mutane ba.

Polikap ya miƙe. “Dakta, ka rantse min ba ta yi ba.”

Dakta ya ce jini ba ya ganin wannan, na kowa.

“Kun ji ko!” in ji Polikap.

Alƙalin, wani tsoho mai ido ɗaya, ya ce ya zauna. Ya karɓi katin daga hannuna, ya kai shi dab da idonsa mai gani, ya karanta a hankali har “tana cizo.” Wata tsohuwa ta ce, “Ita ce! Ni na riƙe ƙafafunta ranar!” Aka kwashe da dariya. Alƙali ya naɗe ƙafar wandonsa ya ɗora a benci. Tabo har uku. Ya ce, “Duk mai irin wannan ya ɗaga hannu.” Na daina ƙirgawa a talatin. Nawa hannun ma yana sama, ban san lokacin da ya tafi ba.

Ya ce wa Polikap, “Suruki, in wannan gwaji ne shaidarka, to ka kai ƙarar rabin tsibirin nan, ka fara da ni. Kana da wata shaidar? Ka gani? Wani ya gani?”

Babu. Aka kori ƙarar. Aka ce ya kai alade gidan Kawu Tadeus, ya kuma ba malamin haƙuri a gaban coci inda ya ɓata shi.

Na zaci an gama. Polikap ya taka har gabanta, ya ce, “Stasi, tashi mu je gida.”

Ba ta ɗaga murya ba, amma ina kusa, na ji. “Sau nawa na faɗa maka? A ɗaki na faɗa, na durƙusa na faɗa. Ba ka yarda ba sai da aka kawo kati. To ka tafi da katin.”

Ta bi bayan kawunta.

Laraba, 27 ga Maris

Jikina duk ciwo. Na mayar da katin cikin fayil ɗinta, na haɗa su da fil.

A ruwa jiya Dakta ya ce, “Mun makara ko, Mama?” Na ce magana zarar bunu ce. Ban faɗa masa cewa ni na riga shi makara ba, da kwana bakwai cur da na yi ban tambaya ba.

Talata, 2 ga Afrilu

Allura ta uku. Ta zo ita da innarta. Ta leƙo ta ajiye min ƙullin galip, 'ya'yan itacen nan masu kamar gyaɗa, a kan tebur, ta wuce.

Litinin, 15 ga Afrilu

Dakta ya sa an ƙara tambayoyi biyu a katin awo: ina kika girma, kin taɓa gyambo kina yarinya. Takardar miji ma an sake ta, kuma Perpetua ce za ta yi wa mata da miji bayani tare kafin kowa ya ga layi. Ta ce an ƙara mata aiki saboda ƙaurina, sai in riƙa biyanta da biskit.

Na fara ciro fayilolin masu ciki na bara, waɗanda na sa wa A53.0. Goma sha tara. Goma sha huɗu 'yan tsibirai ne. Wasu cikinsu tunjeren ne na gaske, ba shakka, akwai shi a nan kamar ko'ina. Amma waɗanne? Na jera su a ƙasa na rasa abin da zan yi da su. Gyara lamba ba wuya. Sauran fa?

Lahadi, 21 ga Afrilu

Ista. Na ja waƙa, muryata ba ta ba ni kunya ba. Perpetua tana ƙifta min ido daga layin gaba, 'yar banza.

Alhamis, 30 ga Mayu

Stasia ta haihu jiya da rana. Mace, kilo uku da ɗigo ɗaya, lafiya lau. Fayil biyu suka zo min, na uwa da na 'ya. O80, Z38.0. Babu lambobin da na fi so kamar waɗannan.

Polikap ya ajiye aikin jirgi, in ji Perpetua, yana yankan kwakwa a gonar Kawu Tadeus tun Afrilu, a rumfa yake kwana. Tun jiya yana zaune a baranda da jakar kayan jariri a cinya. Ba ta ce ya shigo ba. Ba ta kuma ce a kore shi ba. Da na wuce ya miƙe ya ce, “Sannu, Mama.” Na amsa. Na so in ƙara wani abu, ban san ko mene ne ba.

Juma'a, 31 ga Mayu

An miƙo masa jaririyar ta taga. Minti biyar, Perpetua ta duba agogo.

Laraba, 12 ga Yuni

Dakta Wambi ya tafi hutu, an aiko mana wata daga Kavieng ta riƙe wurin wata guda. Tana da kirki, tana da sauri.

Fayil talatin da ɗaya yau. Na goma sha biyu: Rufina, shekara goma sha tara, ciki wata biyar, layi biyu, tunjere. Tambayoyin nan biyu na katin awo ba a cike su ba, ranar Perpetua ba ta nan. Garin da aka rubuta ban san shi ba. Na cika takardar tambaya, na ga ba ta da amfani a tire sai gobe, yarinyar kuma yau da yamma za a sallame ta.

Ofishin ya yi zafi, na ce bari in ɗan sha iska. Iskar ta kai ni ɗakin mata, gado na shida. Tana zaune tana tsefe kai, takardar miji a ninke a ƙarƙashin kofinta. Na ce sunana Ludwina, a nan nake aiki. Ta ce, “Ke nas ce, Anti?” Na ce a'a. Ta ce to me kike yi? Na ce rubutu.

Na zauna a bakin gadon, na tambaye ta ina ta girma. Labarin ya yi tsawo, akwai kaka a ciki da wani kwalekwale da ya nutse. Har aka kawo abincin rana ba mu iso maganar ƙafafu ba, sai da muka ci ayabarta. Daga baya na je na tsaya a ƙofar likitar da fayil a hannu har ta gama da mai tari.

Saura goma sha tara a kan tebur ban taɓa ba. Rahoton wannan wata zai makara, karo na farko. Zan ce musu fanka ce.